Yadda Ake Tsare Ingancin Gini a Tawa, Daga Tushe Har Rufi

Abin da ke kashe gida ba ya bayyana ranar da aka miƙa wa mai shi makulli. Yana can cikin ramin da aka cike da ƙasa, da cikin ginshiƙin da aka zuba wa kankare, da ƙarƙashin shafe da fenti. Na daɗe ina tsaya wa mutane kan gini a nan Tawa ta ƙasar Nijar, da yawansu suna ci-rani a Abijan ko Libiya suna aiko kuɗi, kuma dokata guda ce: duk aikin da za a rufe, ba a rufe shi sai mai gida ko wakilinsa ya gani da ido, kuɗin aikin kuma ba sa fita sai bayan an gani. Ba sai ka iya riƙe cokalin magini ba. Ka dai san ranar da ya wajaba ka tsaya, da abin da za ka duba in ka tsaya.

Bayanin nan na gida ne marar bene, na bulo da siminti. Mai son bene kada ya taɓa ƙasa sai injiniya ya yi lissafin ƙarfe, an kuma gwada ƙasar filin.

Kayan da za ka tanada

- Mita ta awo mai tsawon mita 5, da doguwa mai 30 in za ka samu aro.
- Igiya siririya, ƙusoshi, da ƙaramar guduma.
- Nibo, wato ma'aunin daidaito mai ɗigon ruwa a tsakiya. In babu, tiyo fari da ake hango ruwa cikinsa, mai mita 10 zuwa 15, ya wadatar.
- Igiyar saiti mai dunƙulen ƙarfe a baki. Ko zare ka ɗaura wa babban noti ya yi.
- Gorar roba mai haske, don gwajin rairayi.
- Baro guda da ka san cikinsa. Ka zuba masa bido uku masu lita 20. Inda ruwan ya tsaya ka ja layi da fenti. Wannan shi ne lita 60, kuma da shi za a yi awon ginin duka.
- Tano uku ko tanki, tsofaffin buhunan algarara, da leda mai faɗi.
- Littafi, biro, da waya mai ɗaukar hoto.

Sai mutum biyu: wanda ya karanci gini da zai riƙa zuwa a manyan ranaku, da wakili in ba ka gari. Kada wakilin ya zama shi ne ya kawo maginin, kada kuma ya zama shi ke sayen kaya. Ba zargi ba ne. Kunya ce ke hana ƙane ya ce wa surukin yayansa "rushe ka sake."

1. Fili da takardunsa

Ka je ma'aikatar magajin gari a duba maka lambar filin da sunan da ke kan takardarsa, ka nemi izinin gini, sannan ka kawo ma'aunin filaye ya nuna maka duwatsun iyaka huɗu. Kada ka dogara da katangar maƙwabci. Shi ma wataƙila ya shiga titi.

In da hali, ka ziyarci filin a watan Agusta bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Ina ruwan unguwa ke bi? Ina yake kwana? Filin da ke gangare zuwa kwari, ko kusa da tafki irin Babaye, ko wurin da aka taɓa haƙar ƙasar tubali aka cike da shara, duk a kan iya gini a kansu, amma kuɗin tushensu daban ne. In rani ne, ka tambayi tsofaffin unguwa, ka kuma duba gindin katangun maƙwabta. Alamar inda ruwa ya kai ba ta ɓuya.

2. Zane, lissafi da yarjejeniya

Ko ɗaki uku ne, a zana. A jikin zanen a nuna inda kowane ginshiƙi zai tsaya, girman ƙarfensa, zurfin tushe, inda masai zai kasance da inda zai fuskanta, don kada sai an gama a ga ya kalli alƙibla. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, rana kuma ta yamma ita ke dafa ɗaki, saboda haka manyan tagogi sun fi daɗi a kudu da arewa.

Yarjejeniya a rubuta ta gaban shaidu biyu, a raba biya bisa matakai: tushe, bango zuwa kan taga, shenaj na sama (ɗamarar kankare ta saman bango), rufi, shafe. A rubuta awon siminti na kowane aiki, a rubuta cewa aikin da ya karkace maginin ne zai rushe ya sake da ƙarfinsa, a kuma rubuta cewa za ka riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari sai gidan ya sha damina guda. Ni na fi son mai gida ya sayi kayansa da kansa ya biya ladan hannu kawai. In ka ba da kwangila duka da kaya, duk buhun da bai shiga bango ba riba ce ga wanda ya karɓa, kuma ɗan Adam ɗan Adam ne.

3. Kaya: ka gwada kafin a sauke

Siminti. Buhu kilo 50 ne, buhu 20 tan guda. Muna da masana'antar Malbaza a cikin jiharmu tun shekarun 1960, akwai kuma mai shigowa ta Ƙonni, don haka samun sabo ba wuya. A jikin buhu za ka ga 32.5 ko 42.5. Na farkon ya isa bulo, ɗora bango da shafe. Na biyun ya fi ƙarfi, shi ake so a dal, wato rufin kankare, in mai lissafi ya ce. Ka ɗora buhu biyu ko uku a sikeli, don akwai masu farke baki su rage su ɗinke. Ka danna kusurwoyin buhu: in ka ji curi da ba ya murjewa da yatsa, laima ta taɓa shi, a mayar. A jera shi kan katako, nesa da bango, kada tsayi ya wuce buhu goma. Lokacin da gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na 2024, bayan ɓarnar ruwan daminar shekarar, na ga mutane sun jibge tan-tan a ɗaki alhali ko tushe ba su haƙa ba. Simintin da ya haura wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara tafiya. Ka sayi abin da za a cinye cikin wata guda.

Rairayi. Mai laushin nan da iska ke tarawa a bayan gari ba na kankare ba ne. Yana shan ruwa da siminti, ƙarfinsa kaɗan. Na kwari ake nema, wanda ruwan damina ya wanke, mai kaushi a tafin hannu. Kafin kamyo ya juye, ka sa a tona tsakiyar lodin, don saman kan fi cikin kyau. Ka zuba shi a gora har tsayin santimita 10, ka ƙara ruwa ya shanye kansa, ka sa ɗan gishiri, ka girgiza, ka ajiye awa uku. Rairayi zai kwanta ƙasa, laka ta hau kansa. In kaurin lakar ya doshi santimita 1, bai yi ba. In babu wani sai shi, a tankaɗe a wanke, ko a gauraya da mai kaushi.

Tsakuwa. Mai tauri, marar ƙura, kada ta wuce santimita 2 da rabi. Wadda ke farfashewa in ka buga mata guduma a hankali marmara ce mai taushi, ta ciko ce, ba ta ginshiƙi ba.

Ƙarfe. A nan ne aka fi cutar mutane. Ana sayar da shi da lamba, 6, 8, 10, 12, wato kaurinsa a milimita, sanda guda kuma mita 12. Amma sai a ba ka mai 9 da sunan mai 10, ido ba ya rabewa. Ka yanki mita guda cif ka kai wa mai sikelin awon kaya. Mai 8 ya kamata ya yi giram 395, mai 10 giram 617, mai 12 giram 888. Ɗan bambanci ba laifi, amma in mai 10 ya tsaya a giram 500, ka san mai 9 aka ba ka. Ka auna tsawon sanda biyu ko uku. Ka sa a lanƙwasa guntu: in ya tsage a gwiwa, kada ya shiga gidanka. Tsatsa ta sama-sama ba ta da illa. Wadda ke ɓarewa tana zuba ita ce matsala.

Ruwa. Wanda za ka iya sha. Ruwan zartsi da na tafki mai laka suna cin ƙarfe, suna raunana siminti.

4. Buga bulo

In za ka iya, a buga a filinka kana gani. Bulo mai rami na 15, wato mai kaurin santimita 15, buhu guda kada ya haifi fiye da 30 zuwa 35. Marar rami, na tushe, kada ya wuce 20. Masu bugawa za su ce maka, "Alhaji, ai kowa 45 yake cirewa, wasu har 50." Gaskiya suka faɗa, shi ya sa kake ganin katangun da ake kankare su da farce. Da yamma ka ƙirga bulo, ka ƙirga buhunan da aka zazzage, ka raba. Lissafin ba ya ƙarya.

A shayar da shi safe da yamma kwana bakwai, a rufe shi da buhu ko leda, kada a ɗora shi a bango sai ya yi sati biyu, uku ya fi. In saye za ka yi, ka zaɓi guda uku da hannunka daga tsakiyar tari, ba wanda aka miƙo maka ba. Ka ɗaga zuwa ƙirji ka saki a ƙasa mai tauri. Nagari ya tsaya ko ya ɓalle a kusurwa. Na banza ya watse. Don lissafi, murabba'in mita guda na bango yana cin bulo 12 da rabi.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya yi tushe na dutse da siminti, tunda Adar ba ta rasa dutse, ya ɗora tubalin ƙasa mai kyau, da ya sayi bulon 50. Sai dai shafen siminti ba ya kama ƙasa haka kawai. Sai an buga ragar waya da ƙusa tukuna.

5. Shata gini da haƙa tushe

Bayan an ja igiyoyi, kafin diga ta taɓa ƙasa, ka gwada kusurwa. Daga kusurwar ka auna mita 3 a igiya guda, mita 4 a ɗayar. Tsakanin alamun biyu dole ya zama mita 5 cif. Sannan a kowane ɗaki ka auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta, ta nan da ta can; awon biyu su zo daidai. Kuskuren santimita 5 a nan, mai sa karo, wato tayil na daɓe, shi ne zai nuna maka shi bayan shekara, lokacin da ba gyara.

Zurfin tushe ba lamba ba ce da ake haddacewa. Ana haƙa ne har a tarar da ƙasar asali mai tauri. A fako ko marmara, santimita 60 zuwa 80 kan isa. A jigawa ko wurin ciko, a ci gaba ko da an wuce mita. Ka sauka ramin da kanka da guntun ƙarfe mai 12, ka danna da ƙarfinka a wurare da dama. Inda ya nutse da sauƙi, ba a kai ba. In aka ci karo da gidan gara ko tsohon masai, a kwashe duka, kada a rufe da ƙasa a wuce.

Gindin rami a daidaita shi, a zuba kankaren shimfiɗa mai kaurin santimita 5, don kada ƙarfe ya kwanta kan ƙasa. Tushen kuma a ɗaga shi ya fi titi da santimita 40 zuwa 60. Titunan unguwa hawa suke yi shekara bayan shekara. Gidan da aka gina daidai da hanya yau, nan gaba gangara ake yi a shige shi, ruwa ma haka. Cikon ɗakuna a yi shi hawa-hawa, kowane hawa santimita 15 zuwa 20, a jiƙa a daddaɓe kafin a ƙara. Leburori sun fi son su juye duka su yayyafa ruwa a sama. Sakamakon shi ne daɓen da ke amsa kuwwa in an taka, daga baya ya dare. Kafin daɓe a zuba maganin gara, a shimfiɗa leda.

6. Ɗaurin ƙarfe

Wannan ita ce rana ta farko da kiran waya kawai ba ya wadatarwa. Kafin kafinta ya rufe katako, ka bi ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya, waɗanda maginanmu ke ce wa poto. A kowace kusurwa akwai, a inda bango biyu suka haɗu akwai, a dogon bango kuma duk mita 3 zuwa 4. Kowanne sanda huɗu, mai 10 ko mai 12 yadda zane ya ce. Zobban da ke ɗaure su na ƙarfe mai 6 ne, tsakaninsu santimita 15 zuwa 20, a matse su zuwa 10 a kusa da sama da ƙasa. Ka ɗora mita ka auna. Mai ɗauri kan fara da 15 a inda ido ke kaiwa, ya buɗe zuwa 30 a sama.

Inda sanda ta ƙare aka ɗora wata, su haɗu da juna tsawon kaurin ƙarfen sau 50: santimita 50 ga mai 10, santimita 60 ga mai 12. A kusurwar shenaj, wato ɗamarar kankare da ke zagaye ginin a kan tushe da kuma a saman bango, ƙarfen ya lanƙwasa ya shiga ɗaya ɓangaren, ba a yanke shi a baki ba. Ɗamarar da ba ta haɗu a kusurwa ba, ba ta ɗaure komai ba.

Sai abin da kusan kowa ke mantawa: ƙarfe ba ya taɓa katako. Dole a bar santimita 2 da rabi zuwa 3 tsakaninsu, a cikin ƙasa kuwa 5, don kankare ya lulluɓe shi. Ana yin haka da ƴan ƙananan dunƙulen siminti masu waya da ake bugawa tun sati guda kafin ranar. In ba a yi ba, laima ta kai ga ƙarfe, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa ginshiƙin daga ciki.

In kana Abijan, ka ce wakilinka ya ɗauki bidiyo ya aiko ta WhatsApp, yana tafe daga ƙofar gida zuwa kowane poto ba tare da yankewa ba, mita a jikin ƙarfen ana ganin lamba. Hoton ginshiƙi guda mai kyau ana iya aiko maka shi sau goma.

7. Ranar zuba kankare

Awon ginshiƙi, shenaj, kan ƙofa da dal shi ne kilo 350 na siminti a kowace mita mai cika (mita guda a tsawo, faɗi da tsayi), wato buhu 7. A bakin aiki: buhu 1, baro 1 na rairayi, baro 2 na tsakuwa, ruwa wajen lita 25. Baron da ka ja wa layi, a shafe bakinsa, ba a yi masa tozo ba. In rairayin jiƙaƙƙe ne a rage ruwa.

Ga yadda za ka kama lissafi. Poto mai santimita 20 kowane gefe, tsayi mita 3, yana cin kusan buhu guda, saura kaɗan. In aka zuba goma, buhu 8 zuwa 9 ya kamata ka gani a zazzage. In biyar ka gani, ko an rage awo ko sauran sun bi wata hanya. Buhunan da aka zazzage kai ke karɓarsu kowace yamma.

In babu injin kwaɓi, a kwaɓa kan daɓe ko tsohon kwano, ba kan ƙasa ba. A juya shi busasshe sau uku har launinsa ya zama ɗaya, sannan a sa ruwa kaɗan-kaɗan. A nan za a fara ja-in-ja: "Maigida, a ƙara ruwa, ya fi saurin shiga." Saurin shiga kam yana yi, amma duk ruwan da ya wuce kima in ya bushe rami yake bari a ciki. Ka ɗebo a felu ka karkata: ya zame a dunƙule kamar tuwo mai laushi, kada ya kwarara kamar kunu. Abin da ke sa shi shiga lungu ba ruwa ba ne, girgiza ce. In akwai injin girgiza a yi haya, musamman ranar dal. In babu, mutum guda ya riƙa soka ƙarfe yana zungura, wani yana bubbuga katako da guduma daga waje, a zuba kaɗan a zungura, a ƙara.

A jiƙa katako kafin zubi. Abin da aka kwaɓa a gama da shi cikin awa guda. Wanda ya fara kamewa kada a farfaɗo da shi da ruwa, a zubar. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a fara bayan sallar asuba a tashi kafin rana ta take, ko a bari sai la'asar. Dal kuwa rana guda ake gama shi, don haka a tanadi kaya da rara, a ƙara hannu, a kuma dafa abinci mai yawa. Leburan da yunwa ta kama da azahar shi ke ƙara ruwa a kwaɓi.

Kada a cire katakon ginshiƙi sai kana nan. In aka buɗe ka ga ramuka-ramuka har tsakuwa na tsirara ko ƙarfe na leƙowa, yaran magini kan yi maza su shafe da siminti kafin ka iso. Ƙaramin rami a sassaƙe a cike da kwaɓi mai ƙarfi. In ya kai ga ƙarfe ko ya ratsa, a fasa a sake.

8. Ban ruwa

Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba; ruwa yake sha yana ƙara tauri, har kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa. In rana da iskar hunturu suka zuƙe ruwan a kwana biyun farko, abin da ya rasa ya rasa ke nan. A garin da ake sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa, nan ne kowa ke tsuke hannu, kuma ni a ganina babu tsimin da ya kai wannan tsada.

Kwana bakwai a ƙalla, safe da yamma. Ka sa kuɗin ruwan cikin lissafi tun farko, ka ɗauki yaro guda wanda aikinsa ke nan, don magini in ya tashi ba ya dawowa saboda ban ruwa. In ruwan ya yi wuya, ka naɗe ginshiƙai da jiƙaƙƙun buhuna ka lulluɓe da leda; bido guda sai ya yi aikin biyar. A kan dal a yi ɗan kunya da siminti a gefe-gefe a tare ruwa, ko a baza rairayi a riƙa jiƙa shi. Sandunan da suka tallafe dal kada a taɓa su kafin kwana 21, ko da mai hayarsu yana zarya.

9. Ɗora bango

Kwaɓin ɗori buhu 1 ne da baro 3 na rairayi, kada ya wuce. A jiƙa bulo kafin a ɗora. Gaɓar sahu ta faɗo a tsakiyar bulon ƙasa, a cike ta tsaye da kwance, kaurinta santimita 1 zuwa 1 da rabi. Kada a ɗora fiye da sahu shida a yini. Kowace yamma ka saki igiyar saiti a kusurwoyi da bakin ƙofofi, ka ja igiya a tsawon bango ka ga ko ya yi ciki. In aka ce maka "shafe zai gyara," ka tuna shafen da simintinka za a yi shi, kuma mai kauri shi ke ɓallowa. Kankaren kan ƙofa da taga ya hau bango santimita 20 kowane gefe. In ya gaza, daga nan tsaga ke farawa.

10. Rufi

Iskar farkon damina ita ce jarrabawar rufin kwano. Tun ranar zuba shenaj na sama a bar ƙarafa mai 6 suna leƙowa, da su za a ɗaure ko a walde ƙarafan da kwano zai hau. Rufin da aka danne da bulo kawai, ranar da hadari ya taso a gidan maƙwabta za a tsince shi. Kwano ya gangara santimita 10 a kowace mita, ya hau ɗan'uwansa santimita 15 zuwa 20, a ɗaure shi a kan tudun, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Mafi yawan yoyon gidajenmu daga inda kwano ya shiga bangon da ya zagaye shi yake, don haka ka hau da kanka ka duba wurin. Indararo ya yi faɗi, ya yi tsawon da ruwa zai faɗi nesa da gindin bango. A bar ƙananan kafofin iska tsakanin kwano da silin, a sa musu raga.

In dal ne, a ba shi gangara ta santimita 2 a mita zuwa bakin indararo. Kafin a biya, a toshe mafita a tara ruwa a kai kwana biyu, ka shiga ɗaki ka ɗaga kai.

11. Wuta, famfo da masai

Lambar waya kaurinta take nunawa. Waya mai 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 ta wurin jona kaya, na'urar sanyaya ɗaki kuma layinta daban da waya mai 4. Ka kankare bakin wayar da wuƙa: in cikinta fari ne, sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe, a mayar. Kowace waya cikin bututu, a kafa ƙarfen ƙasa, a sa makashin da ke yanke wuta da kansa, duk kafin ka nemi kwantar NIGELEC, kamfanin wutar lantarki. Ka ɗauki hoton kowane bango kafin shafe, don ranar da za a buga ƙusa.

Bututun ruwa a cika shi a toshe ya kwana kafin a binne. Na ruwan datti ya gangara santimita 2 a mita. Ramin masai ya nisanci tushen ɗaki da mita 3 ko fiye.

12. Shafe, karo da biyan ƙarshe

A jiƙa bango, a watsa hannu na farko mai ruwan siminti, ya kwana, sannan a bi da na biyu. Duka kada su wuce santimita 2. Shi ma a ba shi ruwa kwana uku zuwa biyar, kada fenti ya hau sai ya yi sati uku ko huɗu. Bangon gabas, mai shan dukan ruwa, a ƙara masa kulawa. Bayan an sa karo, ka bi shi da ƙotar guduma kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi ƙarar fanko a ɗaga a sake. A makewayi ka juye bokiti guda ka ga ko ruwan ya san hanyarsa.

Kason da ka riƙe yana hannunka har ƙarshen Satumba. Duk ruwa mai ƙarfi, ka zagaya gidan: silin, kusurwoyin taga, gindin bango. Tsaga siririya mai yawo a fuskar shafe ba abin damuwa ba ce. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ta yi karkace, ko ta bi gaɓar bulo hawa-hawa, ka ja layi da fensir a bakinta ka rubuta kwanan wata. In bayan sati biyu ta wuce layin, ko ta buɗe har dala na shiga, tushe ne ke motsi. Ka kira mai ilimin gini ya duba, maginin ya gyara, sannan a zauna gaban shaidun nan biyu a ba shi cikon kuɗinsa.